Lafiya Lau, Sai Ɗan Haki

In ta gaisuwa za a bi, daga Bichi zuwa Ɗambatta, ka zagayo ta Makoɗa da Kunci da Tsanyawa, ba za ka tarar da marar lafiya ko ɗaya ba. Kowa ya tashi lafiya, kowa ba gajiya. Wanda yake kwance ma da sauƙi yake, in jikin ya ƙara tsananta sai ka ji an ce da sauƙi sosai, alhamdu lillahi. Mu nan mutum yakan yi ta samun sauƙi har ranar da za a ji sanarwarsa a lasifikar masallaci.

Kada wani ɗan birni ya ce ƙarya muke yi. Godiya ce. Tsohon da ya ga farin 1973, ya ga na 1984, ya binne rabin sa'anninsa, ya aurar da 'ya'ya har da jikoki, in ya buɗe ido da asuba ya ji kiran salla, me kake so ya ce maka? A wurinsa ƙorafi butulci ne. Sai dai akwai ciwon da wannan hali namu yake rufa wa asiri fiye da kowane, shi ne haki. Zazzaɓi kayar da mutum yake, kowa ya gani. Ciwon ƙafa ɗingishi yake sawa. Shi kuwa haki a hankali yake shigowa, shekara da shekaru, kuma ba ya hana mutum hira in yana zaune. Mu kuwa a zaune muke gaishe da tsofaffinmu.

Je ka gindin darbejiyar da dattawa suke shimfiɗa tabarma bayan la'asar, ka durƙusa.

"Baba, ina wuni? Ya ƙarfin jikin?"

"Wane jiki? Ni lafiyata ƙalau. Tambayi wannan dai, shi ne ya tsufa."

"Kwana biyu ban gan ku a gonar fadama ba."

"Na bar wa yara. In ban bar musu yanzu ba, yaushe za su koya?"

Amsa ce mai kyau, babu mai ja da ita. Amma in ka zauna ka yi lissafi, za ka ga yadda abin yake tafiya a kusan kowane gida. Gonar nesa ce take fara tafiya, a ce an bar wa yara. Daga nan keken da yake hawa zuwa kasuwa ya jingine a zaure, a ce taya ta yi tsada. Sai masallacin Juma'a ya koma sai a kan babur. Sai jana'iza: kun san yadda muke sauri da makara, ba a jiran kowa. Da shi ne a gaba yana karɓar kafaɗa, bara yana can baya tare da masu sanda, bana kuma ya zauna a ƙofar gida, wai wani ya tsaya ya karɓi masu gaisuwa. Ƙarshe sai a ga ya jawo kujera ƙarshen sahu, wai gwiwa. Wani lokacin gwiwar ce da gaske. Wani lokacin kuma sujadar ce take toshe masa ƙirji, in ya ɗago sai ya yi ta jan iska kafin ya iya tahiya. Duk abin da zai sa shi haki ya daina yi, to ina zai ga hakin? Ya rage duniyarsa ta dawo daidai da numfashinsa, daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa gindin bishiya. In ya ce maka lafiyarsa ƙalau, a cikin wannan ɗan filin gaskiya ya faɗa.

Likitocin Ingila sun sha irin wannan da masu haƙar kwal, su ma maza ne da ba sa son a ga gazawarsu. Wani likita, Charles Fletcher, wanda ya yi aiki da su a yankin Wales, shi ya tsara ma'aunin da tun shekarun 1950 ake amfani da shi, har yau yana nan a asibitoci. Dabararsa ita ce ba ya tambayar yadda kake ji, abin da kake iya yi yake tambaya. Hawa biyar ne. Na ɗaya, ba ka haki sai a aiki mai ƙarfi. Na biyu, kana haki in ka yi sauri ko ka hau ɗan tudu. Na uku, sa'anninka suna wuce ka a hanya saboda numfashi. Na huɗu, in ka yi tafiyar yadi 100 sai ka tsaya ka huta. Na biyar, ba ka iya fita daga gida, ko sa riga ma sai ka yi haki. Da na karanta wa 'yan majalisarmu wannan, mai shayinmu ya ajiye ludayi ya ce, "To ai rabin masu zama a tabarmar can suna hawa na uku, liman kuma yana na huɗu." Aka yi dariya, aka ce ya ji tsoron Allah. Amma babu wanda ya ce ƙarya ya yi, don kowa ya lura karatun tarawihi ya gajarce, kuma a tsakiyar aya ake tsayawa.

Akwai wata tambaya kuma da masu bincike suke ji da ita, wai a ce wa tsoho shi da kansa ya auna lafiyarsa: mai kyau ce ƙwarai, ko mai kyau, ko dama-dama, ko marar kyau. A Manitoba ta ƙasar Kanada aka nuna a 1982 cewa tsofaffin da suka ce tasu marar kyau ce sun fi saurin mutuwa, ko da awon likita bai nuna bambanci ba. A 1997 aka tattara bincike 27 daga ƙasashe daban-daban, kusan duk suka zo da magana ɗaya: jiki magayi, mai shi ya riga likita sani. Ni ma na yarda mai shi ya sani. Abin da nake ja shi ne wa zai gaya wa. Ka aiko yarinya da takarda da biro ta tambayi Gwaggo a tsakar gida, ga suruka tana ji, ga kishiya tana tankaɗe, amsa ɗaya za ta rubuta daga farkon gari zuwa ƙarshensa.

Tsofaffinmu suna faɗa, amma ba ga 'ya'yansu ba, kuma ba da sunan ciwo ba. Ɗan fari ma ai ko sunansa ba a kira, balle a buɗe masa ciki. Abokin wasa ake gaya wa, ko jika. Jika ne kaɗai zai shigo ya ce, "Kai tsoho, ka gaza, daga bayi zuwa nan kake huci haka? Bar min matar nan kawai." Shi kuma ya ce, "Ja'iri, ai daren jiya a zaune na kwana, da ka zo da ka same ta a banza." An yi dariya an watse, alhali maganar da ta fi kowace muhimmanci a gidan ta fito: a zaune ya kwana. In kuma ka ji tsoho ya fara kiran yara yana nuna musu iyakar gona, yana faɗin wanda yake bi da wanda yake bin sa, to ya gama auna kansa, ya ba da amsar da takardar Turawa take nema.

Na mata ya fi ɓuya. Namiji ko ba komai ana ganin tafiyarsa a hanya. Ita kuwa Inna tana cikin gida, ma'auninta turmi ne da guga da murhu. Ta daina daka, ta daina jan ruwa, ta daina shara a sunkuye, kuma duk wannan a wurinmu girma ne: ta yi surukai, ta huta. Wa zai ce ciwo ne? Sai dai ka ji tarin nan nata na asuba, mai kaki, wanda duk gidan an saba da shi har ana cewa in Inna ta yi tari to alfijir ya keto.

Tarin nan kuwa yana da asali, kuma asalinsa yana cikin yadda muke zaune. Ƙasarmu ba ta da daji. Gona tana jikin gona, gari yana hango gari. Baturen nan Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'ar Zariya da ta Bayero, tun shekarun 1960 yake rubutu a kan yadda ƙasar kewayen Kano take ɗaukar jama'a masu yawa ba tare da an bar gona ta huta ba: taki, da jakunan da suke kai itace birni su dawo da shara a mangala, da itatuwan da muke bari a tsakiyar gona, ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo. Duniya ta yaba mana a kan haka. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne me muke hurawa a murhu. Tunda itace na sayarwa ne, mu kara muke ƙonawa, da totuwar masara, da busasshen kashin shanu, in wuta ta ƙi kamawa a sa leda ko tsohon silifa. Kara kuwa ga saurin cinyewa ga hayaƙi, dole mace ta zauna a bakinsa tana turawa tana hurawa. Duba rufin ɗakin girkin gidanku, ka ga yadda azara ta yi baƙi har tana ƙyalli. Matar da ta yi shekara 40 a ƙarƙashin wannan rufin, da suyar ƙuli-ƙuli da ƙosai da dafa kalwar daddawa a kan girkin gida, abin da ya hau azarar shi ta shaƙa. Ba ta taɓa riƙe sigari ba, amma in aka auna huhunta sai a ga irin toshewar da ake gani a wurin masu shan taba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida ya kashe mutum wajen miliyan 3.2 a 2020, kuma ciwon toshewar huhu na dindindin shi ne na uku a kisa a duniya a 2019. Mu dai sunansa a wurinmu sanyi.

Wani zai ce a koma gas. A wace kasuwa, da wane kuɗi? Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, har 'yan birnin da suke mana dariya sun dawo gawayi. Abin da yake hannunmu ƙarami ne, amma shi ma ba ma yi: a fitar da murhu fili in ba damina ba, a buɗe wa ɗakin girki taga ta gaske a sama, a bar kara ya bushe sosai, a daina goya jariri ana hura wuta.

Sai hunturu ya zo ya ƙarasa. Ƙurar nan da take rufe rana tun daga Disamba har Fabrairu, mafi yawanta daga wani kwarin tsohon tafki take tasowa a arewacin Cadi, ana ce masa Bodele. Tana sauka a daidai lokacin da muke sussuka da shiƙa, ƙaiƙayin gero yana tashi, masu aikin buhu a kasuwar Dawanau suna fitowa fari fat har gira. Da dare kuma mu toshe 'yar tagar ɗakin tsoho da tsumma, mu sa masa kaskon wuta don ya ji ɗumi, mu ja ƙofa. Da damina a maye gurbin kaskon da maganin sauro na kunnawa. Duk don ƙauna muke yi. Da safe a ce sanyin bana ya kama Baba.

To amma ba kowane haki ne na huhu ba, kuma a nan muka fi yin asara. Da yawa na zuciya ne, hawan jini ne ya yi shekaru yana cin ta ba a sani ba. Wanda ya taɓa noman rani a Watari ko a dam ɗin Tomas ya san injin ban ruwa in ya gaji: yana ƙara, yana shan mai, amma ruwan ba ya tafiya, sai ya taru a baya. Haka zuciya take yi, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Alamunsa a fili suke ga mai kallo. Tsoho ya ƙara matashi, daga ɗaya zuwa uku, ƙarshe ya jingina da bango ya kwana. Ya farka tsakar dare yana neman iska, ya fito tsakar gida. Takalmin Salla ya ƙi shiga. In ka danna ƙaurinsa da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba. Mu kuma me muke cewa? An taka wani abu a gona, ko sammu ne, ko shawara. A kira wanzami ya yi ƙaho a ƙafar, a dama masa kunun kanwa don ya ji ƙarfi, a zuba dunƙulen magi uku a miya don bakinsa ba daɗi. Gishiri da kanwa da magi kuwa duk ruwa suke riƙewa a jiki. Maganar kanwa da zuciya ba sabuwa ba ce a ƙasar nan: tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka yi rubutu a kan matan da zuciyarsu take gazawa bayan haihuwa, suka danganta abin da wankan jego da kunun kanwa. Daga baya masu bincike a Kano, irin su Farfesa Kamilu Ƙaraye, suka sake dubawa suka ga maganar ba ta tsaya a nan ba. Ban shiga rigimar ungozomomi ba, amma ga tsohon da ƙafarsa ta kumbura, kanwa ba gata ba ce.

Akwai kuma wanda ba a son a ambata, tarin fuka. In aka ce shi ne, an ware wa mutum kwano, an fara tunanin wa zai auri 'yan gidan, shi ya sa gara a ce asma ce. Alhali awonsa kyauta ne, maganinsa kyauta ne, wata 6 ake sha, kuma ba sai an je Asibitin Zana a birni ba, asibitocin ƙananan hukumomi ma suna karɓar kaki su auna. Ƙa'idar ita ce tarin da ya kai mako 2 a kai shi awo. A gidajenmu akwai tarin da ya yi Sallar layya uku, kuma mai shi da jikoki yake kwana ɗaki ɗaya.

Ba wai ba ma neman magani ba ne, kada a yi mana sharri. Muna yi, har ya yi yawa. A yi sirace da ganyen darbejiya, a turara tazargade, a haɗa zuma da tafarnuwa da citta, a shafe ƙirji da man zafi. In abin ya ƙi, a tafi wurin yaron kemis. Shi kuma ba ya taɓa cewa bai sani ba. Zai yi allura, ya ƙulla ƙwayoyi kala huɗu a leda, a cikinsu akwai 'yar ƙaramar nan, deksa. Kwana biyu sai tsoho ya miƙe, ya ci tuwo, bayan wata guda kumatu su ciko, mata su ce ma sha Allah, Malam ya murmure. Ba murmurewa ba ce. Ƙwayar tana kwantar da kumburin hanyar iska na ɗan lokaci, amma in aka daɗe a kanta tana tayar da hawan jini da sukari, tana riƙe ruwa, in kuma tarin fuka ne a ƙasa sai ta buɗe masa hanya. Abin dariyar shi ne, wanda yake haɗiyar wannan kullum ba tsoro, in likita ya ba shi abin shaƙa na asma sai ya ɓoye a ƙarƙashin katifa, wai in ka fara ba ka bari. Iskar oksijin kuwa ba a ma maganarta. Mun riga mun yanke cewa duk wanda aka sa wa robar nan a hanci ya tafi, ba mu lura da cewa sai ya kusa tafiyar muke kai shi ba. Tun mace-macen dattawan Kano na watan Afrilun 2020 tsoron ya ƙaru, wasu har yau gani suke in ka je asibiti da haki killace ka za a yi.

Ranar da aka ce za a kai shi kuwa, sai an yi taro. Babban wa yana Legas, sai an kira shi a waya. Ƙanin Baba ya ce tsufa ba shi da magani, kada a wahalar da bawan Allah a mota. Wata 'ya ta yi kuka. A ƙarshe a tsaya a kan a bari a yi kaka, in an sayar da wake. In Allah ya sa an je, ma'aikaciya ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta ga ya haura 140 bisa 90 nesa ba kusa ba, ta ɗago ta ce, "Baba, me yake damun ku?"

"Ni? Babu komai, 'yata. Yaran nan ne suka matsa."

A nan ake gane wanda ya iya rakiya. Wanda bai iya ba zai yi shiru don kunya, a rubuta maganin tari a sallame su. Wanda ya iya zai sunkuyar da kai ya ce, "Ranki ya daɗe, shekara biyu ke nan bai je gonar fadama ba. Daga zaure zuwa masallaci sau biyu yake tsayawa. A jingine yake kwana, kuma ki duba ƙafarsa." Baba zai harare shi, a mota ma ba zai yi masa magana ba. Amma da wannan bayanin ne za a saurari ƙirjinsa da kyau, a ɗauki hoto, a auna jini ko ya yi ƙasa, in ta kama a tura su asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Da yawa in aka dace da maganin fitar da ruwa da na hawan jini, cikin mako guda sai ka ga mutum ya kwanta a miƙe ya yi barci har da minshari.

Sai kuma rigima ta gaba, wadda ita ma tamu ce. Ƙafa ta saɓe, numfashi ya dawo, Baba ya taka har kasuwa da ƙafarsa. Maganin wata guda ya ƙare. A ce a sake saye, ya ce a kan me, shi da ya warke? Mun saba da maganin zazzaɓi, kwana uku an gama, wannan kuwa an ce har iyakar rai, ga shi kowane wata sai an cire kuɗin kwanon gero nawa. Tsohon gidanmu cewa ya yi likitan da mai kemis bakinsu ɗaya. Yanzu dabarar da aka samo ita ce an damƙa ledar maganin a hannun jikarsa 'yar aji biyar, ita take kai masa da kokon safe, in ya ƙi ta ce to ta fasa auren, ya nemi wata. Yana sha yana zagin kakanta.